Kofunan da Ba a Kwashe Ba

Tukuyu, 2 ga Maris

Mijina Gwakisa,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan wannan takarda ta same ka lafiya kamar yadda ta bar mu. Mama tana lafiya, ban da gwiwar nan da ke tashi duk ranar da hadari ya haɗu, wato kullum ke nan. Ni ma lafiya lau. Cikin ya cika wata bakwai, kuma baƙon namu ya koyi harbi. Nas Subilaga ta ƙirga ta ce ƙarshen Afrilu.

Na ji ka a waya kana dariya, wai wa ke rubuta wasiƙa a wannan zamani. Ni ce. Kafin in same ka sai na hau tudun bayan coci da wannan ciki, in ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa, kai kuma taka tana kulle a akwatin mai gadi tunda ba a shiga da ita ɗakin aikinku. Ran da aka yi sa'a muka haɗu, rabin hirar "kina ji na?" ce. Takarda kuwa ina sa ta ƙarƙashin matashi, in karanta sau goma, ba ta yankewa.

Ina karanta wani ɗan littafi da ƙawata Atuganile ta ara mini. Mijin mai gadin fitila ne a wani tsibiri, matar kuma kullum da yamma sai ta fita bakin ruwa ta hango hasken, ta san yana raye, ta dawo ta ci abinci. Kada ka yi dariya, ni ma na samu fitilata. Ka tuna shafin da ka buɗe mini a waya da Kirsimeti, mai koren ɗigo a tsakiya? Ka ce muddin ɗigon kore ne, na'urarku tana aiki, kai ma kana nan kusa da ita. To duk ranar da na hau tudu sai na buɗe na gaishe shi.

Yanzu ga ainihin magana. Yaushe za ka zo? Ba na son "nan kusa". Rana nake so, mai suna da lamba. Mama ta haife ku ku shida babu Baba a gida ko sau ɗaya, tana faɗa tana alfahari. Ni dai ba na son irin wannan alfaharin. Ina so ranar in juya kai in gan ka a bakin ƙofa.

Na ba Mzee Mwaipopo, kwandastan motar safe, buhun fiya da shinkafar Kyela ya kai maka. Ya ce in na ƙara ba shi wasiƙa mai ƙamshin turare, zai buɗe ya karanta wa fasinjoji daga nan har Dar es Salaam.

Matarka,
Tumpale


Dar es Salaam, 8 ga Maris

Matata Tumpale,

Ina gaishe ki, ina gaishe da Mama, ina gaishe da mai harbi. Saƙo ya iso, fiya uku kaɗai suka fashe. Ina lafiya, sai 'yar mura: waje wuta, ɗakin na'ura kuma sanyi kamar firji.

Kin nemi rana. Bari in gaya miki abin da ya sa ba ni da ita, don ban taɓa zama na yi miki bayani yadda ya kamata ba.

Kin san aikinmu. Idan asibitin ƙauye ya buƙaci jini, nas ta rubuta a waya, saƙon ya zo babbar kwamfutar da muke ce wa saba, ita kuma ta nemo inda jinin yake mafi kusa, ta tashi mai babur. To ki ɗauka na'urar nan rumfar shayin Mama ce ta da. Duk wanda ya shigo a ba shi kofi. Ya gama, ya yi sallama, a wanke kofin a mayar. Tamu tana da wani ciwo: wasu kofunan ba sa komawa. Mai shayin ya tafi, ita kuwa ta bar kofinsa a tebur tana jiran ya dawo ya ƙarasa. Kofunan nan su ne ƙwaƙwalwarta. Yau biyu, gobe biyar, har ranar da nas za ta zo neman jini a ce mata babu kofi. Na'urar ba ta ƙone ba, ba ta lalace ba, wuri ne kawai ya ƙare. Yoyon ƙwaƙwalwa muke ce masa.

Maganin da nake yi shi ne in kashe ta in kunna kafin ta cika, sai duk kofunan su koma. Amma sai na tsaya na tabbatar babu buƙatar jini a hanya, in ba haka ba ta ɓace. Ga ta tsohuwa, wani lokaci ba ta tashi sai an danna mata da hannu. Wanda ya rubuta manhajar ya bar ƙasar shekara biyu da suka wuce. Kibwana da muke karɓa-karɓa ya ajiye aiki a Janairu. Saura ni.

Da kwana biyar take yi kafin ta cika, shi ya sa na samu zuwa da Kirsimeti. Daga Janairu ta koma kwana uku. Yanzu biyu. Zuwa gida da dawowa awa talatin ne a mota. Taya ɗaya ta fashe a hawan Kitonga, shi ke nan.

Na je wurin shugabarmu, Madam Kimaro. Ta juyo mini da allon kwamfutarta ta ce, "Gwakisa, wata goma sha huɗu ɗigon nan bai taɓa yin ja ba. Me zan je in gaya wa manya? A ɗauki mutum na biyu saboda komai yana tafiya daidai?" Na ce, "Madam, yana tafiya daidai ne don ina kashewa ina kunnawa kafin kowa ya gani." Ta ce, "To Allah ya ƙara maka lafiya."

Kin ga yadda na ɗaure kaina da hannuna.

Ina neman inda yoyon yake. Na gwada a ofis ya fi sau dubu, in shiga in fita, kofi yana komawa lafiya lau. Ban san wane irin baƙo ne ke barin nasa ba. Ran da na gano, washegari ina mota. Kafin ƙarshen Afrilu, da yardar Allah.

Fitilarki tana nan koriya. Mai gadin ne ya rame.

Naki,
Gwakisa


Tukuyu, 15 ga Maris

Mijina mai rumfar shayi,

Sannu da aiki. Ya murar? Ka dafa citta da lemun tsami. Mu nan ruwa ake yi babu hutu, ayaba biyu a bayan gida sun faɗi. Mama ta ce a gaishe ka, ta ce rumfarta ba ta taɓa ɓatar da kofi ba, don duk wanda ya tashi bai yi sallama ba har titi take bin sa.

Na karanta wasiƙarka sau uku. A na farko na yi fushi, a na biyu na yi kuka, a na uku ne na gane.

Kada hankalinka ya tashi da abin da zan faɗa. Na je awo ran Talata. Nas Subilaga ta ja fatar idona ta duba, ta tura ni gwaji, ta ce jinina ya yi ƙasa. Ta ba ni ƙwayoyi, ta ce in yawaita ganye da hanta. Ta ce a asibiti zan haihu ba a gida ba, kuma ranar za ta nemi a kawo jini a ajiye ko da za a buƙata. Sai ta ɗauko waya ta nuna mini inda take rubutawa. Gwakisa, tambarin ofishinku ne a sama! Na ce, "Mijina ne ke gadin wannan." Ta kalle ni ta saman tabarau ta ce, "To ki ce masa kada ya yi gyangyaɗi ranarki."

Ka ga inda nake? In ka zo, wa zai kwashe kofuna ranar da za a nemo mini jini? In ka zauna, wa zan gani a bakin ƙofa? A littafi, in an kai nan, marubuci yakan buɗe wata 'yar hanya a babi na tara. Ni na duba ko'ina ban gan ta ba.

Amma bari in ba ka abin da zai sa ka murmushi. Jiya Alhamis mu matan da muke musayar littattafai muka haɗu a ɗakin taron coci. Mama Lusajo ta fara tsiyarta: "Miji a Dar wata uku bai leƙo ba, wai kwamfuta yake reno. Ke Tumpale, kwamfutar nan tana sa jan baki ne?" Aka kwashe da dariya. Sai na ja su duka muka hau tudu. Ka san netwok ɗinmu, sai saman shafin ya fito ya tsaya, in koma baya in sake, sai a karo na bakwai ɗigon ya bayyana. Na ce, "Ga mijina. Duk macen da aka kai wa jini a kan babur, ta nan ya bi." Mama Lusajo, wadda ƙanwarta ta rasu wajen haihuwa, ita ta fara cewa, "Turo mini." Sai kowa ta ce a turo mata.

Yanzu mu goma sha tara ne muke gadin fitilarka. Atuganile ta ce duk sanda ta bi ta tudu sai ta duba ta yi maka addu'a. Ka daina cewa saura kai kaɗai.

Ga wani buhun fiya nan, na ɗinke wasiƙar a bakinsa don kada Mzee Mwaipopo ya sa ido.

Matarka,
Tumpale


Dar es Salaam, 29 ga Maris

Tumpale matata,

Ina gaisuwa, da fatan ke da Mama kuna lafiya. Sati uku ke nan ban ga takardarki ba. Na je tasha sau biyu, Mzee Mwaipopo ya rantse ya ɗora buhuna a mota, amma babu buhu. Da na same ki a waya shekaranjiya, abin da na ji kawai shi ne "jini" da "matan coci", sai layin ya mutu. Ki rubuto mini, hankalina ba a kwance yake ba.

Ni kam ban san ko in ce ina lafiya ba. Na kawo tabarma ofis. Na'urar da ke yin kwana biyu yanzu awa goma sha ɗaya take yi. Ko wanka zan je gida, da agogo nake tafiya.

Ran Talata ta riga ni. Na fita cin dankali da ƙwai a bakin titi, na dawo na tarar ta cika. Minti arba'in ƙofa a rufe. A cikin mintunan nan wata nas a wani asibitin ƙauye can kudu ta yi ta neman jini ga wata mai haihuwa, na'urar tana mayar da ita. Allah ya sa tana da lambar wani mai babur a kanta, ta kira shi. Matar ta rayu. Ni dai tun ranar abinci ba ya wuce mini.

Yanzu mun san ba haka kawai ba ne. Wasu ne ke yi mana da gangan. Mun roƙi kamfanin waya sun duba: tun tsakiyar wata, wayoyi sama da talatin suna buga ƙofarmu sau ɗari huɗu, ɗari biyar a rana. Kuma kin san daga ina? Daga eriyar da ke kusa da garinmu. Ko wani ne ya ɗauki hayar zauna-gari-banza don a ƙwace mana aikin, ban sani ba. Madam ta ce ran Litinin ta sama za ta kai wa 'yan sanda lambobin. Yanzu ta yarda akwai matsala, amma hutu kam ta ce ko in mutu sai dai a binne ni a ƙarƙashin tebur.

Ki buɗe kunne ko za ki ji wani abu a kasuwa. Duk wanda ya zauna yana danna waya yana wasa da jinin mata, kuma ya hana ni ganin haihuwar ɗana na fari, ban ga ranar da zan yafe masa ba.

Kada ki sa rai sosai da Afrilu. Gara in faɗa miki yanzu.

Naki,
Gwakisa


Tukuyu, 3 ga Afrilu

Mijina,

Ina gaishe ka. Mama lafiya, baƙon namu lafiya, jinina ya ɗan ƙaru. Na fara da wannan ne don sauran ba shi da daɗi.

Ni ce.

Na tsare Mzee Mwaipopo shekaranjiya, ya bincika, ashe an sauke buhunka a Makambako cikin kayan wani, yana can a sito da wasiƙata ɗinke a bakinsa. Da ka karanta ta da tuni ka sani. Ba zan ɓoye maka ba, na yi tunanin in ce masa ya bar buhun ya ruɓe a can. Na kwana biyu da wannan tunanin. Sai na tuna matar kudu.

Babu zauna-gari-banza. Matan musayar littattafai ne, ni na tura musu shafin. Kuma tun kafin su, ni kaɗai ma ban gaya maka gaskiya ba. Na ce ina buɗewa in gaishe shi, kamar sau ɗaya. Tun Janairu sau ashirin, sau talatin nake yi duk hawa, kuma wata rana sau biyu nake hawa.

Zan rubuta yadda nake yi dalla-dalla, ko da 'yan sanda za su tambaya, kada su wahalar da su Mama Lusajo. Ina tsayawa kusa da itacen da ke bayan coci, inda netwok ke zuwa yana tafiya. In danna. Sai tambarinku ya fito a sama, ƙasan shafin fari fat, wani abu yana ta juyawa. Ba na iya jira, sai in koma baya tun bai gama ba, in sake dannawa. Wani lokaci netwok ɗin ne ke ɗaukewa da kansa a daidai nan. Ba kullum ɗigon ke fitowa ba. Mafi yawa a rabin shafi nake barinsa. Ban taɓa yin sallama ba, Gwakisa. Ban san ana ba ni kofi ba.

Na bi su gida-gida cikin ruwa na ce kowa ta daina. Mama Lusajo ta dafe kai ta ce, "Wayyo ni, ai na tura wa dangin mijina na Kiwira." Su kuma ban san wa suka tura wa ba. Shafin ya bazu, ba zan iya kamo shi ba.

Ina ta ƙirgawa. Kwana biyar ya koma uku, ya koma biyu, ya koma awa goma sha ɗaya. Duk hawan da na yi don in ji ka kusa, igiyarka nake ragewa. Matar mai gadin fitila kallo kawai take yi daga nesa. Ni ashe man fitilar nake sha.

Na kashe wayata na ba Mama, ta kulle a akwatin ƙarfe. Na ce ko na yi kuka kada ta ba ni.

Na karanta abin da ka rubuta game da yafiya. Ba zan ce ka janye ba. Ina roƙon abu ɗaya: ka sa sunana ni kaɗai.

Tumpale


Dar es Salaam, 6 ga Afrilu

Tumpale,

Na karanta. Ba ni kwana kaɗan.

Gwakisa


Tukuyu, 14 ga Afrilu

Mijina Gwakisa,

Ina gaishe ka, ko da kai ba ka gaishe ni ba. Mama tana lafiya, ko da ba ka tambaya ba. Ƙafafuna sun kumbura, Nas ta ce ba abin tsoro ba ne. Ta ce kan yaron ya sauka, sati biyu ko ƙasa da haka.

Na juya takardarka gaba da baya ko akwai wani abu a bayanta. Babu "matata". Babu "naki". Kwana takwas ke nan ina zaune da kalmomi shidan nan. A littattafan da na karanta, namiji in ya ce a ba shi kwana kaɗan, a babi na gaba kawunsa ne ke zuwa da hula a hannu da saƙon rabuwa. Duk babur ɗin da ya tsaya a ƙofar gida sai gabana ya faɗi: ko ɗan sanda, ko kawunka.

Mama ta ce, "Ke littattafan nan sun cinye miki kai. Ubansa ma haka yake, in aiki ya kama shi ko sunansa ba ya amsawa." Ta ce in ci abinci. Ina ci, don ba ni kaɗai ba ce.

Ba na hawa tudu. Ba na zuwa ran Alhamis, kunya nake ji. Na mayar wa Atuganile littafinta ban ƙarasa ba. Ruwa yana ta zuba, ina zaune a ɗaki ina kallon akwatin ƙarfe. Ban san ko ɗigon kore ne ko ja ba, kuma ba ni da ikon dubawa.

In ba za ka zo ba, ka faɗa mini da cikakkiyar jimla.

Matarka har yanzu,
Tumpale


Dar es Salaam, 17 ga Afrilu

Matata, matata, matata,

Ga uku nan, biyu na bashin wancan karo ne. Ina gaishe ki da kyau. Ya ƙafafun? Ya gwiwar Mama? Ya mai harbi? Ki yafe mini. A tsaye na rubuta waccan takardar a kan cinyata, direba yana ta danna oda, Mzee Mwaipopo yana cewa, "Kai malamin kwamfuta, motar nan ba ta ubanka ba ce." Da gudu na bar tashar, ko buhun da ya ruɓe ban ɗauka ba.

Tumpale, abin da kika rubuta wa 'yan sanda shi nake nema wata bakwai. Rabin shafi! Ni duk gwajina a ofis nake yi, inda netwok ba ya taɓa yankewa, shafi yana buɗewa kafin a ƙifta ido. Ban taɓa zama baƙon da aka katse a tsakiya ba. Na ari tukunyar mai gadi, na sa wayata a ciki, na danna, na rufe murfi daidai lokacin da tambari ya fito, don ƙarfen ya katse netwok. Na leƙa na'ura: kofi ɗaya bai koma ba. Na sake. Biyu. Mai gadi ya ce, "Yallaɓai, in ta dahu ka ɗiba mini."

Sai da na yi kwana tara ina bin rubutun mutumin da ya tafi, layi-layi, ina tashi duk awa goma sha ɗaya in kashe in kunna. Ashe in aka katse baƙo a tsakiya, manhajar ta wata ƙofar gefe take fita, ba ta bi ta wurin wanke kofi. Layi huɗu na ƙara.

Ki ji wannan da kyau. Ramin yana nan tun kafin in san ki. Duk nas ɗin da ruwan sama ya yanke wa netwok tana faɗawa cikinsa. Da wani mugu ne ya fara gano shi, da waya biyar zai rufe mu ranar da ya ga dama. Abin da na rubuta game da yafiya, ki yage shi.

Na gaya wa Madam ni na ba ki shafin, tunda na cikin gida ne, bai kamata ya fita ba. Ta cire tabarau ta ce, "Wato maharan namu ƙungiyar karatun coci ce?" Ta yi dariya har da hawaye, sannan ta ba ni takardar gargaɗi. Maganar 'yan sanda ta mutu. Amma ta ce, "Ni ba zan saki ma'aikacina a kan shaidar tukunya ba. Kawo mini matan nan."

Don haka ga roƙona. Ran Asabar da ƙarfe huɗu na yamma, ki karɓi wayarki, ki tara su duka, har da dangin Kiwira. Ku hau tudu, ke a kan babur don Allah, a hankali. Ku danna, ku koma baya, ku sake, yadda kuka saba, har awa ɗaya. Kada ku tausaya mini. Ni da Madam za mu zauna muna kallo, na ma koya mata maɓallin kashewa da kunnawa. In kofuna suka taru, na faɗi, kuma ban san abin da zan ce miki ba. In ba su taru ba, za ki ga saƙo a ƙarƙashin ɗigon, kuma motar safiyar Lahadi da ni za ta taso.

Naki, da cikakkiyar jimla,
Gwakisa


Tukuyu, Lahadi 21 ga Afrilu

Mijina,

Barka da hanya, barka da sauka. Atuganile za ta tsaya a tasha ta miƙa maka wannan, don kada ka ɓata lokaci ka nufi gida. Babu kowa a gida, muna asibiti. Ina lafiya, Mama tana lafiya, gwiwarta ma yau ta manta da ciwo.

Jiya mu arba'in da ɗaya ne a tudu. Mama Lusajo ta zo da dangin Kiwira a bayan motar ayaba, ta tsaya a kan dutse da lema tana ba da umarni: "Ku danna! Ke Mama Neema, kada ki jira ya buɗe, koma baya! Yau sai mun ga ƙarshen kwamfutar da ta riƙe mana ɗa!" Fasto ya fito ya ga abin da ke faruwa, aka miƙa masa waya shi ma. Mama ba ta iya dannawa ba, sai ta riƙa zagayawa da fulas tana zuba wa mutane shayi, kuma ta ƙirga kofunanta kafin ta bar kowa ya sauka.

Ni ma ina ta dannawa. Duk dannawa sai in tuna matar kudu. Ƙarfe biyar ta yi, babu komai. Biyar da kwata, babu komai. Mutane suka fara kallona a fakaice. Sai wata tsohuwa daga Kiwira, wadda ban ma san sunanta ba, ta miƙo mini wayarta ta ce, "'Yata, wani rubutu ya fito a tawa, karanta mini, ban zo da tabarau ba."

"Tumpale, ina hanya."

Ban san na zauna a cikin taɓo ba sai da aka ɗaga ni.

Yau da hantsi ciwon ya fara. Kada ka firgita, Nas Subilaga ta ce haihuwar fari ba ta sauri, ta ce in motarku ba ta yi wasa a Kitonga ba kana iya riskar mu. A gabana ta rubuta buƙatar jini. Netwok ya yanke mata sau biyu, ta ja tsaki ta sake. Kafin azahar mai babur ya iso jiƙe sharkaf da leda biyu a akwatin sanyi. Suna nan a firji da sunana a jiki, kai kuma a lokacin kana cikin mota, ba kowa a ɗakin sanyi sai Madam da maɓallin da ka koya mata.

Ina rubutawa ne tsakanin ciwo da ciwo, shi ya sa layukan suka karkace. Kada ka tsaya wanka, kada ka tsaya cin abinci, kada ka tsaya gaisawa da Mzee Mwaipopo. Ɗaki na biyu a hannun hagu.

Wayata tana cikin jakar Mama. Ban buɗe shafin ba yau, ban san launin ɗigon ba. An sa gadona yana fuskantar bango, na sa an juya shi.

Ƙofa nake kallo.

Matarka,
Tumpale